Shuɗiyar Fitilar Irshad

Da dakon dilolin yadi Irshad Kamboh ya fara a siton masaƙarmu da ke Faisalabad, kafin ya hau motar ɗaga kaya. Dogo ne mai baki. Duk ƙorafin ma'aikata shi ake turawa gaba, ko na ruwan sha ne ko na tashi daga aiki a makare.

Yayansa Maqbul ne ya raine shi. Maqbul ya tsufa a tsakiyar injinan saƙa, suka cinye masa kunne a hankali, daga baya aka dawo da shi sito yana ɗinke bakin diloli. Ni na san ba ya ji, don bango ɗaya ya raba gidajenmu, kullum ina jin matarsa tana kwarma masa kira. A wurin aiki leɓe yake karantawa, ya yi dariya in ya ga ana yi. Dokar sito kuwa a fili take: wanda ba ya ji, ba shi da aiki inda mota ke kai-komo.

Tsohuwar motar mai shan gas ce, tana girgiza ƙasa, a tafin ƙafarsa Maqbul yake jin zuwanta. Sai aka sayo sabuwa mai batir, shiru take tafiya kamar kyanwa. Manaja Rana Tufail ya tara mu, ya ce abu ɗaya za a ƙara mata: ko jiniya, ko shuɗiyar fitila mai haska ƙasa kafin motar ta iso.

"Jiniya!" in ji kowa.

"Fitila, yallaɓai," in ji Irshad.

Rana ya dube shi. "Kai da makogwaronka ya fi jiniya, yau shiru kake so?"

"Hayaniya ta yi yawa a nan. Wa zai bambance ta da kukan injin?"

A wurin shayi aka yi masa caa. Jabbar mai gadi ya ce, "Faɗi gaskiya, ɗan'uwa. In jiniya ta yi shiru, Rana zai san daga ofis ka laɓe bayan diloli kana barci, ko ba haka ba?"

"Uban wa ya taɓa ganin na yi barci?"

"To mai sayar da fitilar surukinka ne?"

Irshad ya tsoma burodi a shayi. Maqbul ya ga ana dariya, shi ma ya yi.

Rana bai yarda mutum yana son abu haka kawai ba. Ya ce a kawo duka biyun a gwada, kowa yana bakin aikinsa. A kan hanyar gida na ga Irshad ya tsayar da yayansa a bakin magudana, yana magana da baki a buɗe sosai: "Yaya, ka riƙa kallona. Da na taɓa hulata, ka zabura kamar kowa."

Ranar gwaji mai sayar da kayan ya ɗora hannu a kan makunnin jiniya, Irshad ya taɓa hula. Sai mutumin ya tsaya gyara wata waya. Maqbul ya yi tsalle gefe, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, a cikin siton da ba abin da ya yi ƙara. Da jiniyar ta tashi daga baya, duk muka firgita, shi kuwa ya riga ya koma kan allurarsa.

Ba wanda ya yi dariya. Rana ya dubi Maqbul, ya dubi hular Irshad, ya daɗe yana shafa gashin baki.

"A sa fitila," ya ce. Ya dafa kafaɗar Irshad. "Ni ban ga komai ba, ƙanena. Kai ma ka koyi rashin gani."

Mutane suka ce Rana mutumin kirki ne. Jabbar har da sa masa albarka. Wataƙila haka ne, ni ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na sani, ba a jima ba aka ƙara mana lokacin tashi, muka taru a bakin ƙofa muna jiran mai bakinmu ya shige gaba.

"Irshad, muje mana!"

"Batir nake dubawa," ya ce, bai ɗago ba.

Har yau Maqbul yana nan yana ɗinki. Da shuɗin haske ya sauka kusa da ƙafarsa, sai ya matsa, ya ɗaga wa ƙanensa hannu. Irshad ya wuce da kaya a sama. In ya zo daidai tagar ofis, Rana yakan taɓa hularsa, yana murmushi.