Ɓawon Manang Sion

An haifi Manang Sion a 1958, a wani ƙauyen bakin kogi a Pangasinan, ƙasar Filifin. Tana da shekara tara ubanta ya damƙa mata ƙusa da guduma, ya koya mata huda ɓawon talaba, kawar nan ta ruwan gishiri. A huda, a jera a igiya, a rataye a jikin gora cikin ruwa. 'Ya'yan talaba su zo su manne, bayan wata takwas a kwashe. In babu ɓawo, babu iri. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

Shekara ashirin da biyu ke nan ana bikin talaba a ƙauyen, kuma ƙa'idar ba ta taɓa canzawa ba: masu kiwo su kawo kyauta, a gasa a titi, kowa ya ci, washegari a mayar musu da ɓawonsu kafin iri ya sauka. A bikin bara ta ba da buhu goma sha ɗaya. Shugaban ƙauyen kuwa ƙanenta ne, Rufo, wanda ta goya.

Washegari ta turo baro, ta tarar an share titi tas.

"Rufo, ina ɓawona?"

"Haba Manang, kin cika gaggawa. Yana wuri mai kyau. Ke dai ki ci ado ran Asabar."

Ran Asabar aka zaunar da ita a sahun gaba, aka miƙa mata igiya ta ja. Ƙyalle ya faɗi. Katanga ce da ta fi tsayin mutum, ɓawo liƙe cikin siminti tun daga ƙasa, sunan ubansu a sama. Jama'a suka ɗau tafi.

Rufo ya sunkuyo. "Kin gani? Tatang, babanmu, ya shiga tarihi."

"Tarihin zan rataya a ruwa? Kai da ka yi wayo a cikin kwalekwalena, ba ka san lokacin iri ba?"

"Manang, ana ɗaukar hoto. Ɗan yi murmushi mana."

Ta tsugunna, ta sa farce ta gwada ɓamɓaro ɗaya. Siminti ya riga ya kama.

Iri ya sauka ran tara ga Mayu. Cikin gorarta sittin, goma sha huɗu kaɗai ke da igiya, su ma da ɓawon da ta tsinto a bayan gidajen abinci. Har yau, in za ta kasuwa, ta bayan makaranta take zagayawa, don kada ta bi ta gaban katangar.