Bege a Rumfar Kara

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Zan faɗi abin da nake jin na tuna.

Da na gama jami'a aka tura ni koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Gazawa. Ajina rumfar kara ce da iyayen yara suka kafa bayan girbi. In ban yi kuskure ba, ni kaɗai ne Kirista a garin. Ba wanda ya taɓa ɓata mini rai a kan haka, amma ina taka-tsantsan, kada a ce baƙo ya zo yana yi wa 'ya'yan mutane wa'azi.

Ranar ƙarshe kafin hutun Nowel, wato Kirsimeti, yara suka tsare ni da tambaya. Mushe suke ce mini, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci.

"Mushe, sallar taku ta mece ce? Rago kuke yankawa?"

"Wane rago? Dubi ramarsa, ai kaza ce," in ji wani sarkin tsokana da ke zama a baya. Aji ya fashe da dariya.

Na nemi kalmar da ba za ta jawo magana ba, na ce, "Salla ce ta bege." Haka muke cewa a majami'a: bege shi ne sa rai ga alkawarin Allah tun ba a gani ba. Na manta su ba haka suka san kalmar ba.

"Ashe ku ma kuna bege! To rera mana, Mushe!" Waƙar begen Annabi suke nufi.

Ina ta kame-kame sai yarinyar da ta fi kowa karatu a ajin ta ce, "Bege ai na wanda ba ya nan ne. Innarmu kullum begen yayanmu take yi tun da ya tafi haƙar zinariya." Da aka tashi ta tsaya a bakin rumfa. "Mushe, ni ma bayan hutu ba ni nan." Tsutsa ta cinye musu gero, uwarta za ta tafi aikatau Maradi, da ita za a je.

Da la'asar na sami mahaifinta yana tufka igiya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yarinyar nan in ta zauna, ina ganin bana za ta shiga kolej."

Bai yi musu ba. Ya kai ni bayan gida, ya jingina tsani a jikin rumbu, ya ce, "Hau ka leƙa." Dammunan da ke ciki ko ƙasan ba su rufe ba.

"Ba na gaba da karatu, Mushe. In lakol tana ba da tuwo, ga ta nan."

Lakol ba ta ba da tuwo. Ni kuma gwauro ne, baƙo, ba ni da bakin cewa a bar mini ita. Na kai wa darektan lakol maganar, ya ce duk shekara haka ne, zan saba.

A garin Agiye na yi Nowel. Fasto ya yi magana a kan jaririn da aka haifa a wurin dabbobi, ya ce duk wanda aka ba amanar yaro, bege aka danƙa masa a hannu. Na gaskata, har yanzu ina gaskatawa. Amma ana waƙa, ni ƙasan rumbun nan nake gani.

Da aka koma lakol, yaran suka bar gurbinta a kan tabarma na ɗan lokaci, daga baya suka matso. Ina rubutu a allo ina waiwayen bakin rumfa. Wata safiya sarkin tsokanar nan ya ce, "Ku yi shiru, Mushe na bege." Ba wanda ya yi dariya. Ban san wane begen yake nufi ba, nawa ko nasu, kuma ban tambaye shi ba.

Waɗanda suka zauna a rumfar nan yanzu sun girma. In na saka magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ku aiko ku gyara mini. In kuma akwai wanda ya san inda take, ya gaya mini ko ta sake shiga aji.