Sakhan ɗin da Ba Ya Riƙe Zafi

Babban ɗana ya so ya dafa ni da raina, kuma har yau bai ba ni haƙuri ba.

Duk wanda ya yi bazara a Jidda ya san famfon sanyi maƙaryaci ne. Tankin ruwa yana saman bene, rana tana gasa shi tun hantsi, in ka buɗe famfo da azahar abin da zai zubo sai ka fige kaza da shi. Shi ya sa mu a unguwar Bani Malik da zarar zafi ya kama muke kashe sakhan, tukunyar dumama ruwan nan da ake ratayewa a banɗaki. Ruwa ya kwana a cikinta a inuwa, ya huce, sai famfon zafi ya koma na sanyi. Da shi nake alwala, da shi nake wanka. Baƙo in ya zo daga gida Najeriya ba a gaya masa ba, ihunsa kawai za ka jiyo.

To nawa sakhan ɗin ya tsufa. Tun maigidana yana da rai aka kafa shi, ya fara ɗigar da ruwan tsatsa a bango. Na yi gangancin faɗa wa yaron nan. Shi yanzu yana sabon gini can arewacin gari, inda tanki ma rumfa gare shi kamar amarya, ya manta da famfon da ya ƙone masa ɗuwawu yana ƙarami.

"Halas, shi ke nan, Ummi," in ji shi. "Akwai wani sabo. Daga iska yake janyo zafi ya zuba wa ruwa, kamar firiji ne aka juya masa baya. In iskar ta gaza sai ya koma wa lantarki. Wuta kaɗan yake sha."

"Nawa ko kaɗan ba ya sha. A kashe yake."

"Lokacin sanyi fa?"

"Wane sanyi? Wanda kafin ka tuno inda ka ajiye bargo ya wuce?"

Bai saurare ni ba, ya sa ni a mota muka tafi kanti. Abin yana tsaye a tsakiyar kantin, ya fi ni tsawo, ya fi ni ƙiba, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya, saboda haka ba na wuce rubutu ban karanta shi ba, na sha wuyarsa. Na sa tabarau na hau karanta takardar da ke manne a jikin sakhan ɗin da ƙarfi, baƙi bayan baƙi. Ɗana yana ta "yalla, Ummi, yalla," wai in yi sauri, yana duban mutane.

Mai kantin, wani dattijo mai jan gemu, ya kunna mana shi. Gaskiya ɗaya zan faɗa: ta samansa wata iska mai sanyi take fitowa, na tsaya a gabanta na ɗaga mayafi, na ji daɗi. Na ce wannan a kicin ya dace. Suka ce ba zai shiga ba, fili yake so ya sha iska, sai dai a kai shi saman bene. Wato tantabaru su sha sanyin, ni in sha zafin.

Na ce da mai kantin, "In an kashe shi, ruwan cikinsa yana hucewa?"

Ya dafa ƙirji. "Abadan, ya Hajja! Bangonsa kauri gare shi. Yadda ruwa ya shiga da zafinsa haka za ki same shi gobe, har jibi."

Ya ɗauka yabon kayansa yake yi. Na ce ya nuna mini wanda ya fi kowanne sakarci a kantin, mai siririn bango, wanda ruwa ke shiga ya manta da zafinsa. Ya dubi ɗana kamar mai tambayar ko lafiyata ƙalau. Ya ce irin wannan ba ya sayarwa, shi mutum ne mai mutunci.

A mota muka ƙarasa rigimar ni da ɗana. Yaron ya ce sun gama magana da mai kantin, gobe bayan la'asar za su kawo sabon su cire tsohon.

"Da izinin wa?"

"Ummi, so kike a ce ina aiki a kamfani uwata tana wanka da ruɓaɓɓen sakhan?"

"Su masu cewar, su za su yi mini alwalar azahar?"

"Sai ki tara ruwa a bokiti ya huce."

Bokiti. Ni da gwiwar da ko sujada sai a kan kujera, ni zan riƙa jan bokiti don kada a ce. Na san kunya ce ke cinsa, kuma na san don ni yake yi. Amma fatar tawa ce. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na sauko, don har yau bai gane shirun uwarsa ba.

Washegari da na idar da sallar walaha na sa abaya, na tari tasi zuwa kasuwar tsofaffin kaya da ke kudu, wajen unguwar Mahjar. Na zaɓi ƙaramin sakhan mara nauyi, na ƙwanƙwasa cikinsa na ji yana ƙara kamar gwangwani, na ce shi ne. Na taho da mai gyaran famfo ya rataye shi a gurbin tsohon tun kafin azahar. Da ya ɗauko waya zai haɗa masa wuta, na ce ya naɗe ta ya tafi da abarsa.