Hannun Noeline Pascoe

Noeline Pascoe ba ta iya zama ba. Ko shayi a tsaye take sha, tana kai da kawo a baranda kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Amma duk birnin Kanbera babu mai hannunta wajen yin fallen da muke harba wa ƙwayoyin zarra. Ni aikina tuƙa na'urar harbin, nata kuma shirya abin da za a harba.

Fallen nan na gawayi ne, fatar albasa ma ta fi shi kauri nesa ba kusa ba. A kan gilashi ake shimfiɗa shi, a ɗora masa ɗan burbushin wani sinadari mai suna fulutoniyam. Sai a zura gilashin cikin ruwa a hankali har fallen ya saki ya taso, a kwaso shi da zoben ƙarfe. Numfashi ɗaya ya isa ya yaga shi, shi ya sa take korar kowa, ni ne kuwa na farkon kora.

"Fita, Col. Kai da kake huci kamar tsohuwar motar gona."

"To, uwar ɗaki, a fito lafiya."

A bazarar da ta cika shekara sittin sai na lura ta daina shan kofi, kuma kofin shayi da hannu biyu take riƙe shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga baƙi sun taso daga Jamus suna jiran gwajinsu, ga fulutoniyam ɗin da ya rage mana na falle ɗaya ne tak. In ya yage a ruwa, shi ke nan.

Ranar aikin ta yi ta zagaya ginin har na gaji da ganinta ta taga. Can sai ga ta a ƙofata.

"Sa rigar kariya ka biyo ni. In ka yi atishawa, kashe ka zan yi."

A gaban ruwan ta miƙo mini hannun damanta, yana ta karkarwa.

"Riƙe nan, wuyan hannun. Kada ka ja, kada ka tura. Riƙe kawai."

Muka ɗauke numfashi tare. Fallen ya saki gilashin, ya taso yana rawa, zoben ya shiga ƙarƙashinsa. Ƙirjina kamar zai fashe, ina jin bugun jininta a yatsuna. Ta ɗago shi lafiya lau, ko tsaga babu.

Da muka fito na fara murna, ina cewa ai mun samu dabara, kullum sai in riƙa riƙe mata.

"Kada ka raina mini hankali, Col," in ji ta. "Wancan fallen naka ne. Nawa na ƙarshe tun bara na yi shi, ban ma san shi ne na ƙarshen ba."

Ta ja kujera ta zauna a barandar, ta sa hannayen a tsakanin gwiwoyinta.