Karen Taubashina

Ni ba mai son kare ba ne, gara in faɗi wannan tun da fari. In ya taɓa mini riga sai na wanke, in ya leƙo zaure sai na kore shi. Amma akwai wani jan kare da ya hana ni sakat bazara guda a Filinge, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Karen na maƙwabcina ne, maƙwabcin kuwa taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Tun muna yara ba mu taɓa gaisuwar kirki ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Ban taɓa sallama a ƙofarsa ba, sai dai in kutsa ina tambayar matarsa ko ragon mijinta ya tashi. Muka yi furfura a haka.

Da damina karen yana gona wajen Tabla, yana tsaron awaki da bukka. Da aka gama kai hatsi rumbu sai aka dawo da shi gari, aka ɗaure shi da wayar ƙarfe a jikin wani tsohon amalanke, daidai inda nake hange daga kan keken ɗinkina. Babu inuwa a wurin sai ɗan abin da amalanken ke bayarwa, shi ma kafin azahar ya gudu. Abinci sai an tuna. Wai a ganin taubashina ƙoshi ke sa kare barci, shi kuwa mai gadi yake so. Kafin wata biyu ana ƙirga haƙarƙarinsa daga zaurena, wayar ta ci wuyansa, ƙuda sun samu wurin zama. Haushi ma ya daina. Na tabbata ba zai ga ruwan farko ba.

Na samu taubashin nawa na ce, “Wanga kare mutuwa za shi yi. Ka kwance shi.”

Ya dube ni, ya dubi karen, ya ce, “Ashe ka gane ƙanenka. Ni dai na daɗe ina ganin kamar.”

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce ai ya sani, zumunci ba wasa ba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya yi ta faruwa ke nan. Duk yadda na ɗaure fuska, sai ya ɗauka sabon salo na fito da shi. In na ɗaga murya ya ce yau bawan nasa ya ci ya ƙoshi. Na kai wa karen ruwa a fasasshen kasko, washegari na tarar an kife kaskon an ɗora dutse a kai, don a ga yadda zan yi. A fada wurin shan shayi ya ba da labari, aka yi mako ana tambayata lafiyar ƙanena. Na kai maganar gaban liman bayan la'asar, ina cikin bayani taubashin ya sa baki ya ce gadon amalanken nake nema wa ɗan'uwana. Liman, mutum mai kamewa, sai da ya rufe baki da rawani. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin taubasai. Na koma gida kamar in fashe, na ɗinke hannun rigar wani a baibai.

Matata ce ta ce, “Kai ma da laihinka. Shekara hamsin ba ka taɓa gaya mishi magana ta gaskiya ba, yau ta ƙaƙa za shi gane ta?”

Na ji haushinta, don ta fi ni gaskiya.

Wata safiya da hantsi na ga karen ya kasa ɗaga kai ko da akuya ta taka shi. Na shiga ɗaki na sa babbar riga da hula. Na tsaya a ƙofar gidan da nake kutsawa tun ina yaro, na yi sallama sau uku. Ya fito yana murmushi, yana jiran ya ga inda wasan zai faɗi. Na tuɓe takalma, na durƙusa.

“Malam, kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali?”

Ya ce, “Kai, mi ya same ka?”

Na ci gaba da gaisuwa, ban tsallake ko ɗaya ba, har dabbobi na tambaya. Sannan na ce, “Malam, roƙo ya kawo ni. Don Allah ku kwance karen ga, ku ba shi ruwa. In ba ku bukata tai, ku sallame shi.”

Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana dubana kamar baƙon da ya ɓata hanya. Da zagi na zo, da ya san amsa. Ya wuce ni, ya durƙusa gaban amalanken yana warware wayar da hannunsa. Ya kira matarsa ta kawo ruwa da sauran tuwo. Da la'asar na ga ya kai shi wurin likitan dabbobi a kan amalanken wani.

Karen ya tashi. Wuyan ya warke ya bar tabo, ya yi ƙiba, har ya koma yi mini haushi in na wuce, mara kunya.

Kwana uku bayan nan na ga taubashina zai tafi kasuwa. Na leƙo daga zaure na ce, “Kai bawa, ina za ka ba ka gaida ubangidanka ba?”

Ya tsaya, ya juyo, ya ɗan rusuna.

“Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?”

Na ce ya bar wannan shirme. Ya ce to, Allah shi ba mu alheri, ya wuce. Na ɗauka fushin mako ne. Na gwada shi ranar suna, na gwada shi ranar salla, na ce da shi rago a gaban surukansa. Kullum sai ya amsa mini da ladabi, ya tambayi iyali. Bana shekara huɗu ke nan, duk safiya sai ya tsaya a ƙofar zaurena ya yi sallama, kuma ba ya shigowa sai na ce ya shigo.