Amshin da Khadijat Ta Yi wa Tukur

A Badarawa aka haifi Tukur, kuma har yau bai bar unguwar ba. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, don haka a cikin ƙarar sifika da ƙaurin dalma ya tashi. Da ya gama sakandare karatu bai ci gaba ba, sai ya kama 'yar rumfa a bakin tashar Kawo, yana cajin waya, yana tura wa direbobi da fasinjoji waƙoƙi da wa'azi a memori. Dogo ne, mara hayaniya, irin mutumin da direba zai bar wa waya da makullin mota ya tafi cin abinci hankali kwance.

Shi ma yana waƙa, sai dai kaɗan ne suka sani. Sitidiyo ta fi ƙarfinsa, sai ya haɗa tasa a lungun ɗakinsu na haya. Ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi, ya samo makirfo na hannu, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya rataye bargo a taga don tare hayaniya. Kiɗan ma shi ke haɗawa, da abin da ya koya a waya. Ba ya samun ɗauka sai an kawo wuta, kuma sai maƙwabciyarsu ta kashe injin markaɗe. Idan ya gama waƙa sai ya ɗora ta a shafukan da ba a biya, ya kuma saƙala ta a ƙarshen memorin duk wanda ya zo turi, ba tare da ya ce uffan ba. Shekaru yana haka, ba wanda ya taɓa dawowa ya tambayi mai waƙar. Wani direban Zariya ma ya taɓa dawo da memori ya ce a cire masa ta ƙarshen nan, barci take sa shi a kan hanya. Tukur ya cire, ya miƙa masa.

Matarsa Khadijat malama ce a wata firamare mai zaman kanta a nan Badarawa. 'Yar gidan ma'aikata ce, mahaifinta ya rasu, yayanta Bello ne ya aurar da ita. Ba ta taɓa hana shi waƙa ba. Takan dai yi masa dariya idan ya shiga bayan bargo yana maimaita baiti ɗaya har gumi ya jiƙa shi.

Wata Asabar da rana ya gama wata waƙa ta kewar gida, wadda ke bukatar amshin mace. 'Yan matan da ke amshi a sitidiyo ba za su zo ɗakin haya ba, ko sun zo ma ba shi da abin sallamarsu. Sai ya roƙi Khadijat ta ɗan rera masa, don kawai ya ji yadda za ta zauna a kan kiɗan. Ya ce gwaji ne, da ya samu mai amshi zai goge. Ta goge hannu a zani, da goyo a bayanta, ta tsaya gaban makirfon tana dariya, ta rera ta koma kan girkinta.

Ya zauna ya saurara. Ya san tana da murya, yana ji idan tana wanki, amma bai san haka take ba. Ya gwada sauya muryar da kwamfuta don kar a gane ta, sai duk daɗin ya tafi. Ya mayar da ita yadda take. Ya yi ta juya abin a ransa, har ya shawo kan kansa da cewa ai ba mai sauraren waƙoƙinsa. Ya rubuta Sa'adiya a wurin sunan mai amshi, ya saki.

Wannan karon aka saurara. Direbobin Kano da na Zariya suka fara zuwa suna cewa a sa musu ta Sa'adiya. 'Yan mata suka yanke amshin kaɗai suna ɗorawa a bidiyonsu. Wani fasinja ya tsaya a rumfar, yana jiran a gama masa turi, ya ce wa Tukur yarinyar nan ta iya, da namijin ya yi shiru ya bar mata waƙar da ya kyauta. Tukur ya ce haka ne.

Kullum idan ya rufe rumfa sai ya ce yau zai faɗa mata. Ya shiga gida ya tarar tana duba littattafan yara, ta ɗago ta yi masa sannu da zuwa, sai ya fasa. Abinci ma ya daina yi masa daɗi. Da ta tambaye shi ko lafiya, ya ce gajiyar tasha ce.

A gidan Bello da ke Doka abin ya fito, ranar sunan 'yarsa. Tukur na zaune a waje tare da maza a ƙarƙashin rumfa, sai ya jiyo kiɗansa daga cikin gida inda mata suke. Wata ce ta haɗa wayarta da sifika. Ya ji muryarsa ta wuce, ya ji amshin ya shigo, sannan aka kashe a tsakiya. Ya ajiye cokalin da ke hannunsa. Daga baya ya ji cewa Hajiya, mahaifiyar Khadijat, ce ta juyo ta kalli 'yarta ta tambaye ta yaushe ta fara waƙa. Khadijat ta rantse ba ta san zancen ba, a gaban mata cike da falo, alhali kowa na jin muryarta ce.

Bello bai yi masa magana a cikin mutane ba. Sai da baƙi suka ragu ya kira shi cikin motarsa, ya rufe gilashi.

"Tukur, abu ɗaya zan tambaye ka. Da saninta ka saki?"

"A'a, Yaya."

Bello ya ce lokacin auren akwai waɗanda suka ce kar a ba mai rumfa a tasha, shi ya tsaya, saboda kowa ya shaida masa riƙon amana. Sai ya buɗe masa ƙofa. Tukur ya so a ce zaginsa ya yi.

Keke Napep ya mayar da su Badarawa. Khadijat ta kwantar da 'yarsu Amina, ta zauna a bakin gado, ba ta ko cire mayafi ba.

"Abban Amina, da ka tambaye ni, ni kaina ban san me zan ce ba. Wataƙila ma in yarda. Amma ka bar ni na rantse a gaban Hajiya." Ta ɗago ta dube shi. "Sa'adiyar kuma wace ce?"

Ya ce ba kowa ba ce, suna ne kawai ya zo masa. Yana faɗa yana jin yadda maganar ta yi arha.

Washegari ya sauke waƙar daga duk inda ya ɗora ta, ya goge ta a kwamfutar rumfa. Bai hana komai ba. Ta riga ta shiga wayoyin mutane, abokan sana'arsa na tashar ma suna tura ta, yana zaune yana ji daga rumfar da ke kusa. A makaranta mai makarantar ya kira Khadijat ofis. Bai kore ta ba, amma ya ce wasu iyaye sun yi magana, ta ɗan dakata da jan yara a taron safe. Wannan ya fi komai ci wa Tukur rai, don ya san yadda take son aikin.

Ya je ya durƙusa gaban Hajiya ya faɗi yadda aka yi, tun daga farko, don a san 'yarta ba ƙarya ta yi ba. Tsohuwar ta ce ta ji, Allah ya kyauta, amma ba ita ya kamata ya fara ba haƙuri ba. Ya ce ya bayar. Ta ce ya ci gaba da bayarwa.

Watanni sun shuɗe kafin gidan ya koma daidai, kuma har yanzu idan dangin matarsa suka taru, Tukur a gefe yake zama. Bai daina waƙa ba, sai dai shi kaɗai yake yi, masu saurare kuma ba su ƙaru ba.

Kwanan baya wani mai sitidiyo ya bi diddigi har rumfar, ya ce yana son mai amshin nan ta yi masa aiki, da sunanta na gaskiya ko da wanda take so. Tukur ya ce ba shi da ikon amsawa, zai dai kai saƙo. Ya kai, ya faɗa mata yadda aka faɗa masa, idonsa a ƙasa. Khadijat ta saurara har ƙarshe, ta ce a bari ta gama da jarrabawar yara tukuna. An gama jarrabawar, an yi hutu, an koma. Mutumin yana ta kira, Tukur kuma bai sake tayar mata da zancen ba.