Kifin tekun da ya watsa mini gayyar gyaɗa

A shekarun da zan ba ku labarinsu, in aka ce kifi tsakanin Karaye da Rogo, to ni ake nufi. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Karaye, amma rabin ranata a bakin dam take ƙarewa wajen masunta, ina koya musu sana'ar da suka gada. Nakan ce ko idona a rufe aka miƙo mini tarwaɗa, da wutsiyarta kaɗai zan faɗi inda ta kwana. Mutane suna dariya, ni kuma ina ɗaukar dariyar a matsayin shaida.

Akwai gonar gyaɗa da na gada a Ruwan Bago. A shekarar da abin ya faru gyaɗar ta yi kyau ƙwarai, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Duk manomi ya san in ƙasa ta bushe kafin a cire gyaɗa, ganyen ne zai biyo hannunka, 'ya'yan su yi zamansu a ƙasa. Sai na kira gayya. Da na tsaya a kan tuwo da miyar kuka kamar kowa, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma bakina ya riga ni. A gaban jama'a na yi shelar cewa 'yan gayyata kifin teku za su ci, irin wanda kakanninsu ba su taɓa jin ƙamshinsa ba.

Na tafi Kano na shiga ɗakin sanyi na sayo kwali guda na kifin da suke kira tuna, ƙananan nan masu jiki a dunƙule kamar harsashi, da kansu da cikinsu, sun daskare har in ka buga biyu sai ka ji kamar taɓarya. Mai sayarwar ya ce mini kada in bari ya huce a hanya, in kai shi cikin sanyi. Na ce masa ina cin kifi tun kafin a yaye shi.

Kwalin ya sha zafin bayan mota har Karaye. Na iso gida babu wuta, firij ya zama akwatin ajiye kofuna. Washegari da safe na taɓa kifin na ji tsakiyarsa da sauran tauri, sai dabara ta zo mini. Mu nan abin da muka sani shi ne rana gyara take yi: ita ke busar da kilishi, ita ke busar da kuɓewa da barkono. Na hau tsani na jera kifin nan a kan kwanon ɗaki, reras, na sauko ina yaba wa kaina. Daga nan na leƙa shago, hira ta yi daɗi, ban tuna da su ba sai da rana ta take.

Maiɗakina ta duba su ta ce Malam, cikin kifin nan ya saki, kuma launin namansa bai kwanta mata ba. Na shinshina, ban ji wani wari na a zo a gani ba. Na ce mata ba abin da tafasasshen man gyaɗa ba ya kashewa, ta soya kawai. Ta ce to, amma ita da yaranta ɗanwake za su ci. Na ce hassada ce irin ta wanda bai san teku ba.

Aka kai shinkafa da kifi gona. 'Yan gayya sun riga sun ci kusan rabin aikin, ana waƙa ana tsokanar juna. Suka zauna gindin ɗorawa suka sa hannu. Wani taubashina, wanda ba ma haɗuwa ba mu yi faɗan wasa ba, ya ce kifin yana ɗan tsikarin harshe kamar an barbaɗa masoro. Na ce ai gishirin teku ke nan, bakin da ya saba da daddawa ba zai gane ba. Don in nuna musu, na ci uku.

Ba a gama suɗe kwano ba na ji fuskata ta ɗauki zafi kamar na leƙa tanda. Kaina ya fara sara, ƙirjina yana dukan ganga. Na waiga in ga ko an lura, sai na tarar kowa susa yake yi. Ƙarti majiya ƙarfi sun yar da fartanya, wannan yana goga bayansa a jikin ɗorawa kamar akuya, wancan ya nufi bayan kargo da gudu riƙe da mazagin wando. Taubashin nawa, idanunsa jawur, ya tambaye ni ko wannan ma gishirin teku ne. Ni ma a lokacin kargon nake hange.

Dariyar ta tsaya lokacin da Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya zo don ya sa mana albarka kawai amma shi ma ya taɓa kifin, ya fara jan numfashi da ƙyar. Muka ɗora shi a babur zuwa asibiti, ina riƙe da shi da hannu ɗaya ina susa da ɗayan. Allah ya taimaka aka yi masa allura ya dawo daidai. Ma'aikacin lafiyar ya ce irin wannan kifi mai jan nama, in ya daɗe cikin zafi, wani dafi ne yake taruwa a naman, wanda suya ba ta kashe shi, kuma ba lallai hanci ya ji shi ba.

Gyaɗa kuwa, babu wanda ya koma ta kanta. Kafin in sake haɗa mutane ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Abin da muka tono bai taka kara ya karya ba, sauran mata masu roro suka yi ta cika kwando suna yi mini addu'a.

Shi ya sa nake jan kunnen duk mai karanta wannan. Kifin ƙanƙara ba kilishi ba ne. In ka saya, ka kai shi gida da sanyinsa. Ka narkar da shi a firij, ko cikin ruwan sanyi kana canzawa, ka fasa cikin ka wanke, ya wuce wuta nan take. In ya riga ya sha rana, ko ka ji yana tsikarin harshe, ka zubar, kada ka ji tausayinsa. Wanda numfashinsa ya canza kuma a yi asibiti da shi. Sannan in matarka ta ce ita ɗanwake za ta ci, ka tsaya ka tambaye ta dalili.

Da damina ta zagayo na je har gida na gaida Baffa, na durƙusa na ce ina so in sake kiran gayya, ko zai sa baki mutane su fito. Ya ce ba komai ɗana, za a fito, shi ma zai zo. Amma in gaya wa jama'a kowa ya riƙo tuwonsa daga gida.